Takardar da Na Rubuta wa Malam Tanko

Zuwa ga ɗana Rashidu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya kai ku Bawku lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na direban da ba ya jin magana. Allah Ya sa aikin koyarwar nan da aka tura ka ya zama alheri gare ka da 'ya'yan mutane, Ya haɗa ka da mai masauki nagari.

Na ce wa Mmanka ta sa ambulan ɗin nan a jakarka, ta gaya maka kada ka buɗe sai mota ta bar Salaga. Na san za ka ce me ya hana Baba ya faɗa min da baki, ga shi sati guda muna cin tuwo kwano ɗaya. To, ka san ubanka. A kan takarda ina da baki, a gaban mutum kuwa sai tari da gyaran hula. Sau uku na kira ka zaure, sau uku na ɓige da tambayarka ko ka sayi gidan sauro.

Takarda biyu ce a ciki. Wannan taka ce. Ɗayar da na liƙe ta Limamin masallacin kara ce, unguwar kasuwar shanu da za ka sauka. Kada ka buɗe ta, zan gaya maka abin da ke ciki. Zancen ka yi sallah, ka ci abinci, ka guji abokan banza, Mmanka ta yi shi har ya ishe ka, ba zan ƙara ba. Ni kurakuraina zan lissafa maka, don ɗaya daga cikinsu ya riga ka isa Bawku, yana can yana jiranka a ƙofar masallaci.

Shekara talatin da ɗaya ke nan hatimin masallacinmu yana hannuna. Ka san yadda abin yake. Duk ɗan zango da zai koma wani gari da zama, wurina yake zuwa in rubuta masa takardar shaida, Liman ya sa hannu, in buga hatimi. Da wannan takarda ake ba baƙo ɗaki a zangon da ba a san ubansa ba, a ba shi wuri a sahun gaba, wani lokaci har a ba shi mata. Na rubuta su da yawa, kuma ina alfahari da hannuna, har mutane suka manta sunana Haruna ne, kowa sai Sakatare.

Kana shekara takwas muna da wani malami, Malam Tanko, mai koyar da yara mata bayan la'asar a barandar masallaci. Ƙila ka tuna muryarsa. In ya ja karatu, masu doya a bakin titi sukan yi shiru. Ka kuma san Azumi mai koko, wadda mijinta ya rasu, wadda kuke layi a gabanta kowace safiya da kofunanku. Tana da 'ya, Ramatu, shekararta goma sha ɗaya a lokacin, ɗalibarsa ce. Wata safiya Azumi ta zo zaurena ba ta ɗora tukunya ba, ta gaya min abin da Malam Tanko ya yi wa yarinyar. Ba zan rubuta shi ba. Ta riga ta kai ta asibiti, nas ta duba ta tabbatar. Azumi ta ce wurin 'yan sanda za ta, ta biyo ne kawai in raka ta, don ba ta jin Turanci.

Na ce ta dakata in gaya wa manya. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma daga shi sauran suka fito.

Manya suka zauna a zauren Liman na wancan lokaci, Allah Ya jiƙansa. Wani ya ce in maganar ta fita an gama da sunan zango, 'yan gari da 'yan coci za su samu abin yi mana dariya. Wani ya ce ai don yarinyar ma a rufa, in aka ji wa zai aure ta. Malam Tanko ya yi kuka, ya rantse ya tuba. Aka yanke ya bar Salaga kafin Juma'a, magana ta mutu. Sai ya ce, “To iyayena, Yendi zan nufa, amma wa zai ba ni ɗaki ba takarda?” Duk suka juyo suka kalle ni.

Har yau na haddace abin da na rubuta: “Mai ɗauke da wannan takarda, Malam Tanko, ɗan zangonmu ne, mahaddaci, ya koyar da yaranmu shekara shida. Muna roƙon duk wanda ya same shi ya karɓe shi hannu biyu.” Ka duba da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Wallahi har daɗi na ji a ranar, na ce ni dai ban yi ƙarya ba. Ban sa kwanan wata ba, ban kuma sa sunan wanda aka rubuta wa ba. Shekaru ina gaya wa kaina sauri ne ya sa. Ba sauri ba ne, da gangan na yi, don in abu ya taso kada a san lokacin da na rubuta.

Azumi ta tare ni a hanyar rijiya da yammacin ranar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam Sakatare, na ji ka ba shi takarda. A Yendi babu 'ya'ya mata ne?” Na ce, “Azumi, ki yi haƙuri, manya sun gama magana.” Ta kalle ni, ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Kai malamin makaranta ne yanzu, Rashidu, za a riƙa zuwa maka neman shaida, a rubuce ko da baki. Ka sani abin da ka bari ba ka faɗa ba, shi ma shaidarka ce, kuma za a tambaye ka shi. Duk takardar da za ka sa wa hannu, ka sa ranar, ka sa sunan wanda kake rubuta wa. In kuwa uwa ta zo maka da magana irin ta Azumi, ka sa takalminka ka raka ta asibiti da wurin 'yan sanda, manya su ji daga baya. Zaure na rikicin iyakar gona ne da akuyar da ta ci doyar maƙwabci, wannan ya fi ƙarfin zaure.

Kuskure na biyu gajere ne, amma shi ya fi hana ni sukuni. Babu wanda ya taka gidan Azumi, har da ni. Muka yi ta zancen malamin, tubarsa, mutuncinsa, inda zai sauka, ba wanda ya tambayi ko Ramatu tana cin abinci. Mata suka fara cewa uwar ce ta so ta tozarta malami, ciniki ya ja baya. Ni da kaina na ce ku koma sayen koko a wancan layin. Kai ne ma ka yi ta mita wai kokon can ruwa ne, na daka maka tsawa. Kafin shekara ta zagayo sun tattara sun koma Kumasi. In irin wannan ya faru a inda kake, gidan yarinyar za ka fara zuwa, ka kuma sake zuwa bayan kowa ya daina.

Shekara uku bayan nan Malam Tanko ya sake yi wa wata yarinya a Yendi. Da takardata aka ba shi aji a can. Uban wannan yarinyar direba ne, bai nemi zauren kowa ba, kai tsaye ya wuce wurin 'yan sanda. Kotu ta ɗaure Malam Tanko. Na'ibin masallacin Yendi ya zo har Salaga, ya same ni a nan inda nake zaune yanzu, ya ce, “Sakatare, tsakaninka da Allah, kun san halinsa kuka turo mana?” Na ce, “Allah ne masani.” Kai, tir! Dattijo ya hau mota tun daga Yendi don tambaya ɗaya, na ɓuya a bayan sunan Allah. Ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Bayan shekara goma Malam Tanko ya fito. Kana kwaleji a Tamale lokacin, ba ka ga wannan ba. Ya dawo Salaga don ba shi da wani wuri sai ɗakin marigayiya uwarsa. Ya rame, haƙoran gaba sun zube. Ranar farko da ya shigo sallar azahar, aka tayar da iƙama, sai wanda ke damansa ya matsa, wanda ke hagunsa ya matsa. Na hagun ni ne. Ni da nake bin sahu ina cewa a haɗa kafaɗa, a toshe kafa, ni na bar wurin da mutum guda zai tsaya tsakanina da shi. Daga ranar haka aka riƙa yi, sallah biyar a rana, kamar an auna da igiya. In ya yi sallama ba a amsawa. Butar da ya taɓa, wani ya fasa ta. Ya nemi aikin ɗaukar doya a tasha aka kore shi. Samari suna jifan kwanon ɗakinsa in sun wuce, muna ji muna gyaran murya.

Kada ka ɗauka don Ramatu muka yi. Da don ita ne, da wani ya nemi lambar uwarta. Ni dai na san dalilina. Duk lokacin da na ga fuskarsa, hannuna nake gani a kan takarda, shi ya sa na fi kowa zafi.

Wata rana bayan la'asar ya tsaya a bakin zaurena, bai shigo ba. Ya ce, “Sakatare, alfarma nake nema. Ku sa wani dattijo ya riƙa zama da ni, ko da ba zai yi min magana ba. Zaman ni kaɗai ba alheri ba ne gare ni, ba kuma alheri ba ne ga kowa.” Na ce, “Ka ji min mutum! Yanzu kai ne za ka ba mu aiki? Ɓace min daga nan.” Na ɗauka rashin kunya ce. Sai daga baya na gane mutumin ya faɗi gaskiya a kan kansa, wadda mu ba mu taɓa faɗa ba. Wata biyar ya yi, wata safiya aka ga ɗakin a kulle. Muka ce alhamdulillahi, Allah Ya raba mu da masifa. Ko mutum ɗaya bai je tasha ya tambayi motar ina ya shiga ba.

Wanda ya nuna min girman wannan wauta ba malami ba ne. Matiyu ne, abokina tun muna makarantar midil, wanda ya yi aikin gona na gwamnati, yanzu dattijo ne a wani ƙaramin coci a Yendi. Na je ta'aziyya garin, na biya gidansa, muna cin gyaɗa a gindin mangwaro na ba shi labarin, ina ma ɗan taƙama cewa mu a zango ba mu ɗaukar raini. Ya ce su ma suna da irinsa, ya fito kurkuku shekara biyu da suka wuce.

Na ce, “Kun kore shi dai?”

Ya ce, “Wani coci a garin nan sun kori nasu. Wani kuma sun ɓoye nasu, har yau yana kaɗa musu ganga. Mu sai da muka yi wata biyu muna faɗa. Mun fara zuwa wurin uwar yarinyar da ya cuta, ta ce ba ta son ganinsa, sai muka ce ya riƙa zuwa sujadar safe, wadda ita ba ta zuwa. Bencin baya yake zama, ni a gefensa. Ni nake biya masa mu zo, ni nake mayar da shi. Ba ya kusantar ajin yara, ba ya riƙe kowane aiki, kuma duk iyaye sun sani, don a gabansa aka gaya musu. Gida uku sun bar mu saboda haka.”

Na ce, “Lallai kana da zuciya, Matiyu.”

Ya ce, “Wace zuciya? Haruna, ba na son mutumin nan. Wata Lahadin in na zauna kusa da shi ko waƙa ba na iya yi. Amma na san inda yake kwana, na san wanda yake wa aiki, in ya yi tafiya ni yake fara gaya wa. Naku fa, yana ina yanzu?”

Na ɓare gyaɗa na kasa kai ta baki. Ban sani ba, kuma shekara shida na ƙara ban sani ba.

Yanzu ana ta magana a rediyo kan rajista, wai a riƙa ajiye sunayen masu irin wannan laifi a wurin hukuma don kada a ba su aikin yara. Ina goyon baya, da ma tun da can aka yi. Amma ni ban taɓa ganin rajistar ba, kuma ka gaya min wane limami ne a zango zai tafi ofis ya duba suna kafin ya ba baƙo tabarma. Hatimin masallaci zai duba, da hannun wanda ya sani.

Ranar kasuwar da ta wuce Alhaji Seidu mai shanu ya sauko daga Bawku, shi ne ma ya sama maka masauki. Muna gaisawa sai ya ce, “Af, Sakatare, na ga hannunka a garinmu! Wani mutuminku, Malam Tanko, yana sayar da turare da carbi a ƙofar masallacin kara. Ya nuna mana takardarka, ya sa an manne ta cikin roba kamar katin asibiti. Kai, akwai karatu! Malamin yara mata zai koma Pusiga ƙarshen wata, Liman na tunanin ba shi ajin.” Na ce masa to, madalla. Ka ji ubanka, har a ranar ma madalla na ce. Na dawo gida Mmanka ta kawo tuwo na ce a mayar.

Takardar da ba ta da kwanan wata ba ta tsufa, Rashidu. Wanda ya gan ta yau zai ɗauka bara na rubuta.

Na yi tunanin buga waya, amma muryar tsoho a waya ba ta kayar da takarda mai hatimi, kuma maganar waya ba ka san kunne nawa za ta shiga ba. Na so in zo da kaina, ƙafar nan ka ga yadda ta kumbura, ko masallaci sai da sanda. Don haka kai ne ƙafata. Na rubuta a takardar Liman cewa in Liman yana son ji daga bakina, a ɗauko ni ko a kwance ne.

Ga abin da nake so ka yi. Kana sauka, kafin ka kwance kaya, ka ce Alhaji Seidu ya kai ka wurin Liman, ku uku kawai, ka ba shi takardar hannu da hannu. Kada ka fara biyawa ta ƙofar masallaci. Malam Tanko zai gane ka, kamarmu ɗaya, zai rungume ka a gaban jama'a ya ce ga ɗan Sakatarenmu, kuma wannan rungumar hatimi ce ta biyu. Ka roƙi Liman kada ya tsaya a kan maganata, ya je wurin 'yan sanda su bincika, shari'ar Yendi tana rubuce. Aji dai babu shi, ko na rana ɗaya. Kada a bar shi a gidan da akwai yara, kada a aiki yaro wurinsa sayen turare. Iyaye su sani, haƙƙinsu ne, amma Liman ya tara su ya gaya musu a zaune. Ban yarda a sa a lasifika ba, ban yarda ka tura a waya ba. Bawku tana da rikicin da ya ishe ta, kuma ka san samari in jininsu ya hau. Kotu ta riga ta hukunta shi. In aka kashe shi saboda takardata, wannan ma a wuyana yake.

Sai abu mai wuya. In an tayar da sallah aka fara matsawa, kai ka tsaya kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. In ya yi sallama ka amsa. Ban ce ka so shi ba, ban ce ka yarda da shi ba, ban kuma san ko ya tuba ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ka nemi dattijo ɗaya ko biyu su ɗauki zama da shi kamar yadda ya taɓa roƙo na kore shi. A san inda yake kwana da abin da yake ci. In ya ga babu wurinsa zai sake kulle ɗaki, ga iyakar Togo nan kusa, kuma can ma akwai 'ya'ya mata. In ya ce zai tashi, a san garin, labari ya riga shi isa.

Ba za a gode maka ba, ka sa wannan a ranka. Wasu za su ce baƙo daga zuwa ya ɓata sunan ɗan garinsu, wasu su ce abokin mugu ne tunda yana tsayawa kusa da shi. Akwai kuma abin da ya fi wannan. A takardar Liman, sunana na fara sawa kafin na Malam Tanko. Na rubuta cewa na sani tun ranar farko, na rubuta masa shaida ina sane, an tambaye ni a kan Yendi na ɓoye. Liman zai karanta ya ɗago ya kalle ka, ɗan mutumin da ya yi haka. Na so in ba ka suna mai kyau ka shiga da shi sabon gari, ga abin da na ba ka. Ina jin kunyarka, ɗana, ka yafe min.

Shekaranjiya na samo lambar Azumi a Kumasi, na kira ta. Na karanta mata takardar Liman daga farko har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, “Malam Sakatare, Ramatu 'ya'yanta uku yanzu, duk mata. Ko ɗaya ba ta bari ta je gaban malami ba, a ɗaki take koya musu abin da ta iya, kuma iyakarta inda ta tsaya a barandarku. Ni ban yafe ba tukuna. Ka aika takardar.”

To ga ta nan na aika. Na sa ranar, na sa sunan wanda na rubuta wa, na buga hatimi.

Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya tsare bakinka da zuciyarka, Ya ba ka ƙarfin da ubanka bai samu ba. Allah Ya tsare 'ya'yan Bawku da na ko'ina, Ya zaunar da garin lafiya. Mmanka na gaishe ka, ta ce yajin yana aljihun gefe. Ka gaida Alhaji Seidu, ka ce masa madallar da na yi ranar kasuwa na janye ta.

In Liman ya karɓe tsohuwar takardar daga hannun Malam Tanko ya ba ka, kada ka ƙona. Ka aiko min da ita cikin robarta. In kumburin ƙafar nan ya sauka zan hau motar Kumasi in kai wa Azumi, ta yi yadda ta ga dama da ita.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna Sakatare
Zango, Salaga